Ɗakin Mutum Biyu a Marlow

Shekarar da aka rufe masana'antar gilashi a garinmu Bellport gidaje da yawa sun watse, amma na Nadine Sorrell ne ya fi tsaya mini a rai. Ita da kanta ta ba ni labarin, wani kuma a gabana aka yi shi, domin surukarta Opal maƙwabciyata ce.

Mijinta Wendell tun yana saurayi yake aiki a gaban tanderun masana'antar. Da aka sallame su ya daɗe yana buga-buga, yau yankan ciyawa a gidajen mutane, gobe gyaran rufi, har ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito da ke wajen birnin Columbus. Suka sayar da abin da zai sayu, suka jibge sauran a garejin mahaifiyarsa, suka kama hanya a watan Yuli da 'ya'yansu mata biyu, Talia mai shekara goma sha uku da Josie mai shida.

Josie kurma aka haife ta. Tana ƙarama likitoci suka dasa mata na'ura a bayan kunne, da wani ɓangare da ake manna mata daga waje, wanda a gidan suke kira kunnen aro. Da shi tana jin sauti, amma jin sauti daban, gane magana daban. A Bellport akwai wata malama da ta zauna da ita da haƙuri, tana haɗa mata maganar hannu da ta baki, har yarinyar ta kai tana iya cewa "ruwa" da "Mama" da "ba na so". Likita ya gaya wa Nadine ba ɓoye-ɓoye cewa shekarun nan da ke tafe su ne komai. In aka yi sake suka wuce, icen ya bushe ke nan, ba zai tanƙwaru ba.

Da suka isa Columbus suka sauka a wani otal na bakin babbar hanya, irin wanda ake biya mako-mako. Ɗaki ɗaya, gado biyu, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Suka ce na ɗan lokaci ne, kafin su sami gida. Wendell yana fita aiki da safe, Nadine kuma ta zuba yaran a mota su shiga neman inda za su zauna.

Ba a daɗe ba ta gane yadda garin yake. Yaro makarantar gundumar da yake kwana yake zuwa, kuma a duk kewayen nan gundumar Marlow ce kaɗai take da ajin yara kurame, da malamai masu maganar hannu da mai koyar da furuci kullum. Titin Cramer ne ya raba Marlow da cikin birni. Gidajen ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, bulo ɗaya, itatuwa ɗaya, amma da ka tsallaka titin kuɗin haya ya ninka.

Gida na farko da suka gani a Marlow wani dillali ne mai suna Mista Dorsey ya buɗe musu. Ɗakuna biyu ne a saman bene, ga ɗan fili a baya. Josie ta shiga gudu daga ɗaki zuwa ɗaki tana jin yadda katakon ƙasa yake girgiza a tafin ƙafarta. Talia ta tsaya a taga, domin daga nan ana hango makarantar 'yan shekarunta, da filin gudu mai jan daɓe. Ita kuwa gudu ne abinta, a Bellport babu yarinyar da take kamo ta.

"Mama, zo ki ga," in ji ta. "Har da fitilu a filin."

Mista Dorsey ya tambayi albashin Wendell. Da Nadine ta faɗa, sai ya yi ɗan murmushi ya mayar da makullin aljihu.

"Masu gidan suna son albashin da ya ninka hayar sau uku, Misis Sorrell. Ke kina aiki?"

"Zan nema da zarar yaran sun shiga makaranta."

"To, in kin samu ki kira ni." Ya kalli agogonsa. "Kun duba ƙetaren Cramer kuwa? Akwai wurare masu kyau a can, daidai ƙarfinku."

A mota Talia ta maƙe murya tana kwaikwayonsa. "Daidai ƙarfinku. Mama, kin ga takalminsa? Kamar bakin agwagwa."

Nadine ta yi dariya don kada ta yi kuka.

Haka suka yi ta yi. Wani gidan an riga su, wani a ce ba a son yara, ko da yake ba a faɗar haka a fili, sai dai a ce benen yana da haɗari. Wani kuma in ta kira aka ji adireshin otal sai murya ta canja. Abincinsu ya koma burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da rana, taliya da cuku da yamma, ana dafawa a ɗan murhun lantarki da suke ɓoyewa a ƙarƙashin gado saboda mai otal ya hana girki. Abin da suka zo da shi na ajiya yana ta zurarewa a kuɗin ɗaki, watan Agusta ya kama, shaguna suka cika da jakunkunan makaranta.

Wata safiya Nadine ta ce bari dai ta je ta ga makarantar cikin birni da idonta, wataƙila ba ta kai yadda ake faɗa ba. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai furfura da ake kira Misis Tillman, ta karɓe su hannu biyu. Ta durƙusa a gaban Josie ta yi mata sallama da hannu, ta ce iyakar abin da ta iya ke nan. Ta zagaya da su, ajujuwan a share, zanen yara a bango.

"Mai maganar hannu fa?" in ji Nadine.

"Muna da guda ɗaya, makarantu da yawa muke raba ta. Takan zo mana sau ɗaya a mako, in ba a janye ta wani wurin ba."

"Sauran ranakun fa?"

"Za ta zauna a gaba, kusa da malama. Malamanmu mutanen kirki ne, za su yi iya ƙoƙarinsu." Misis Tillman ta dubi Josie da take wasa da igiyar labule. Sannan ta rage murya. "Doka ta ce in gaya miki za mu biya mata buƙatarta, kuma na gaya miki. Amma ni ma uwa ce. Da tawa ce, da ko a kan bishiya zan kwana sai na kwana a Marlow."

Da yamma Nadine ta kwashe duka ta gaya wa Wendell, yana zaune a bakin gado yana cire takalmin aiki. 

"Akwai Rhonda," ya ce.

Rhonda 'yar ƙanin mahaifinsa ce, ta auri wani ma'aikacin banki, suna zaune a tsakiyar Marlow. Sun daɗe ba su haɗu ba sai a jana'iza. Wani abokin aikin Wendell ne ya ba shi shawarar: a rubuta adireshin ɗan'uwa, a ce nan ake zaune, mutane da yawa suna yi.

"Ƙarya ce fa za mu yi wa hukuma," in ji Nadine.

"Na sani. Kina da wata dabarar?"

Ba ta da ita. Ranar Lahadi suka yi wa yaran wanka, Nadine ta goge musu riguna a kan tawul, suka tafi.

Rhonda ta tarbe su da fara'a, ta kawo ruwan lemo mai ƙanƙara a baranda, ta yaba tsawon Talia. Aka yi hirar 'yan'uwa, wa ya mutu, wa ya koma Florida. Wendell ya yi ta juya kofi a hannu kafin ya iya fito da maganar. Yana cikin yi fuskar Rhonda ta soma sauyawa.

"Wendell, ka san abin da kake roƙo na kuwa?"

"Suna kawai za mu sa. Ba za mu dame ku ba, ko wasiƙa ta zo ni zan zo in ɗauka."

"Suna da mutumin da suke biya yana bin yara daga makaranta har gida. Bara sun kama wata mata a layin bayanmu, kotu aka kai ta, ita da kakar yaran da ta ba da adireshin. Mijina Glenn a banki yake aiki. In sunansa ya shiga irin wannan, shi ke nan."

"Tare muka tashi, Rhonda. A gidanmu kika yi shekara guda lokacin da babanki yake asibiti."

"Ban manta ba." Idonta ya kawo ruwa. "Ka roƙe ni wani abin. In kuɗi ne zan ba ka abin da zan iya. Wannan kam ba zan iya ba."

Ta shiga ciki ta fito da jaka cike da kayan 'yarta da suka yi mata kaɗan, ta miƙa wa Talia. Talia ta ce ta gode. Ba su yi nisa ba ta ce a tsaya, ta fita ta ajiye jakar a gindin wani akwatin wasiƙu, ta dawo ta zauna. 

Faɗan ya tashi ne kafin su kai otal. Nadine ta ce da ya karɓi kuɗin. Wendell ya ce shi ba bara ya je yi ba. Ta ce to me suka je yi in ba bara ba? Ya ce ita ce ta nace sai Marlow, kamar sauran yaran duniya ba sa rayuwa a wasu makarantun. Ta ce sauran yaran duniya suna ji. Ya daki sitiyari da tafin hannu. Josie ba ta gane kalmomin ba, amma ta ga fuskoki. Ta sa hannu ta cire kunnen aro ta cusa a tsakanin kujeru.

Daga ranar ta ƙi yarda a mayar mata da shi. In an manna sai ta fizge. Ƙarar manyan motoci a hanya da injin sanyaya ɗaki da talabijin ɗin maƙwabta duk sun taru sun zame mata azaba, kuma babu malamar da za ta lallashe ta. 'Yan kalmomin da take da su suka soma ɓacewa. In tana son ruwa sai ta ja rigar uwar ta nuna. Da Nadine ta riƙe kofin ta ce sai ta faɗa da baki, yarinyar ta cije ta a hannu har jini ya fito.

Nadine ta ce mini a kwanakin nan ji take kamar tana riƙe da ƙanƙara a tafin hannu a tsakiyar rana.

Sai ranar da abin ya kusa faruwa. Da hantsi ne, Nadine tana waya da wani mai gida, tana roƙonsa ya yarda ta biya kuɗin ajiya kashi-kashi. Ƙofar ɗakin a buɗe saboda zafi. Josie ta bi wata mage ta fita wurin motoci. Motar da take kawo wa otal zannuwan gado tana ja da baya, tana ta ƙarar gargaɗi, direban bai ga yarinyar ba, yarinyar kuma ta juya baya ta durƙusa tana leƙen magen. Talia tana dawowa daga ɗebo ƙanƙara ta hango. Ta yar da bokitin ta zuba da gudu, ta sure ƙanwarta suka faɗi tare a gefe. Tayar ta wuce ta kan takalmin Josie da ya fice.

Gwiwar Talia da gwiwar hannunta duk sun saɓule. Josie ko ƙwarzane ba ta yi ba, haushi ma take ji an kore mata mage. Direban ya sauko yana ta cewa ai motar ta yi ƙara, ai kowa ya ji. Nadine ta zauna a kan kwalta ta rungume su biyun, wayar tana ƙasa, mai gidan yana ta "Kina ji na? Kina ji na?"

Da ta wanke wa Talia ciwon, yarinyar ta dube ta ta ce, "Mama, ki samo mata makarantar nan. Ko ta yaya."

Washegari a shagon wanki Nadine ta ga wani ɗan kati a jikin allo, an rubuta da hannu: ɗaki a saman gareji, a Marlow, haya da sauƙi ga wanda zai iya tuƙi. Ba ta jira kayan sun bushe ba, ta kwashe su da danshinsu ta zuba a mota.

Mai gidan wata tsohuwa ce, Misis Haddad, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ƙarama ce, tana dogara sanda, idonta kuwa kamar na shaho. Ta ce ana yi mata wankin ƙoda a asibiti sau uku a mako, kuma an karɓe mata lasisin tuƙi. Wanda zai kai ta ya dawo da ita, ya yi mata cefane, zai zauna a ɗakin a kan rabin kuɗinsa. Ta miƙa wa Nadine makulli ta ce ta hau ta gani, ita ba ta iya benen.

Ɗaki ne guda, rufinsa ya karkato, da ɗan wurin girki da banɗaki. Tsaf yake, ga haske. Babu ƙarar komai sai tsuntsaye. Daga ƙofar gidan zuwa makarantar da take da ajin kurame tafiyar ƙafa ce. Nadine ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana lissafin inda za a sa katifu: ita da Wendell nan, yaran can, a rataya labule a tsakani.

Ta sauko ta ce ta karɓa.

"Ku nawa ne?" in ji tsohuwar.

"Mu huɗu. Amma ba mu da hayaniya, mijina ma yini yake a wurin aiki."

Misis Haddad ta girgiza kai. "Mutum biyu. Haka takardar izinin ɗakin ta ce, saboda gobara, ƙofa ɗaya ce da shi."

"Ba wanda zai sani."

"'Yata, ba ki san layin nan ba. Waccan maƙwabciyar mai jan labule, aikinta ke nan ƙirga masu shiga da fita. Na taɓa barin wani ɗalibi ya kawo ƙaninsa, ba a yi wata ba sai ga mai duba gidaje. Suka ci ni tara, suka ce in aka sake za su rufe ɗakin. In suka rufe, wa zai kai ni asibiti?"

Nadine ta roƙe ta. Ta ce za ta yi mata shara da wanki da girki, Wendell zai gyara mata rufi da duk abin da ya lalace, kyauta. Ta jawo Talia ta nuna mata ciwon gwiwarta, ta ba ta labarin motar. Ta ce mini ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba, a kan ciyawar tsohuwar, a gaban 'ya'yanta.

"Tashi," in ji Misis Haddad. "Tashi, kada yaranki su ga haka. Ni ma da jariri a hannu na zo ƙasar nan, na san abin da kike ji. Amma biyu ne. Zan riƙe miki shi zuwa Juma'a, bayan nan akwai wani mai jira."

Ranar da yamma Nadine da Wendell suka bar yaran a ɗaki suka zauna a cikin mota, gilasai a rufe. Suka juya maganar ta kowace fuska. Josie ba ta zama sai da uwarta, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Wendell zai iya kwana a ɗakin ƙasa na gidan abokin aikinsa Luis, inda wasu maza biyu suke haya, a ba shi kujera. Amma ba a kai yarinya mai shekara goma sha uku cikin maza. Su kama wani ɗaki a cikin birni shi da Talia? Haya biyu ta fi ƙarfinsu, kuma sito ya soma sa shi aikin dare, wa zai kwana da ita? Duk inda suka bi sai su dawo wuri ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗa.

Wendell ne ya faɗa. "Sai dai Talia ta koma wurin Mama."

"Ita ce ta ceci yarinyar nan jiya."

"Na sani, Nadine."

"Shi ne sakayyarta?"

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Tun da ta san shi ba ta taɓa ganin yana kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa. Ta ɗora hannu a bayansa, suka zauna a haka har gilasan suka yi gumi.

Da safe Nadine ta sami Talia a bayan otal, a bakin wurin ninƙaya da aka daɗe da zubar da ruwansa, ta saki ƙafafu a ciki tana cin tuffa. Ta zauna kusa da ita. Ta soma da cewa na ɗan lokaci ne, ta ce Kaka tana kewarta, ta ce ƙawayenta duk suna can.

"Na ji lokacin da tsohuwar ta ce biyu," in ji Talia. "Na iya ƙirga, Mama."

"Da zarar na sami aiki za mu kama gida babba. Kafin Kirsimeti, in Allah ya yarda."

"Kada ki ce Kirsimeti. Kin ce otal ɗin nan ma na mako ɗaya ne."

"Talia, da akwai wata hanya..."

"Ni na ce ki samo mata ko ta yaya, ko ba ni ba ce?" Ta jefa guntun tuffar cikin ramin. "Ba komai. Ni ai ina ji. Duk inda aka ajiye ni zan ji malami."

Nadine ta kai hannu za ta rungume ta, yarinyar ta ce ciwonta yana zafi, ta tashi ta koma ɗaki ta soma haɗa kayanta. Ta ninke komai da kanta, ba ta bari an taya ta ba.

Ina tsaye a barandata ranar da suka kawo ta. Opal ta fito da rigar girki ta rungume jikarta ta ce, "Ga 'yar tsere ta dawo. Shigo, kin rame kamar sandar shara, me suke ba ki a birnin?" Talia ta ɗan yi murmushi. Da iyayen za su tafi ta sumbaci babanta, ta durƙusa ta yi wa Josie wata magana da hannu da ta sa yarinyar dariya. Uwarta kuma ta ce mata, "Ku sauka lafiya," ta shige ciki. Josie ba ta gane ba sai da mota ta tashi babu yayarta. Har suka sha kwana ina jiyo kukanta.

Makarantar Marlow ta cika alkawari. Malamar ajin ta yi makonni tana lallashin Josie kafin ta yarda ta mayar da kunnen aro, da farko na ɗan lokaci kaɗan a ɗaki mai shiru, daga baya yini guda. A ajin akwai yara irinta, abin da ba ta taɓa gani ba. Kafin sanyi ya shigo kalmominta sun dawo, sun kuma ƙaru. Nadine tana kai Misis Haddad asibiti, tana zaman jiranta, ta kuma sami aikin rabin yini a ɗakin girkin makarantar. Wendell yana zuwa ranar Lahadi ya yini, ya tafi kafin duhu saboda mai jan labule. Mata da miji suka koma kamar masu zance.

Kirsimeti ta zo ba su sami gida ba. Suka zo Bellport suka yi kwana biyu. Talia ta yi wa kowa ladabi, ta taya kakarta gasa naman alade da dankali, ta zauna a ƙasa tana wasa da Josie. In uwarta ta yi mata tambaya sai ta amsa da kalma ɗaya. Opal ta gaya mini cewa a farkon zuwanta yarinyar takan shiga gareji ta zauna a kan tsohuwar kujerar gidansu, cikin kayan da aka jibge, ta daɗe a can. Daga baya ta daina.

Sai a watan Mayu, da albashin mutum biyu a hannu, wani mai gida a gefen Marlow ya yarda ya ba su ɗakuna biyu a bayan wani shagon taya. Nadine ta samo wa Misis Haddad wata ɗaliba mai mota. Ta yi wa ɗakin yaran fenti da kanta, ta sayo gado na biyu a kasuwar gwanjo, sannan ta ɗauki Josie ranar Asabar suka taho Bellport ba tare da ta yi waya ba, wai don ta ba Talia mamaki.

Ta same ta a baranda ita da kakarta suna dasa tumatir a tukwane. Ta yi tsawo, ta yanke gashinta. Nadine ta fito da wayarta tana nuna mata hotunan ɗakin.

"Ya yi kyau," in ji Talia.

"Tagarki tana kallon gabas. Na yi magana da makarantar, sun ce da an dawo hutu za ki fara."

Talia ta ci gaba da danna ƙasa a gindin tumatir. "Kaka ba ta iya hawa bene da kwandon wanki yanzu. Kuma ni nake ba ta maganinta."

"Kada ki fake da ni, yarinya," in ji Opal. "Tun kafin a haifi ubanki nake hawa benen nan."

"To ban fake da ke ba." Ta ɗago ta dubi uwarta, ba da fushi ba. "Na saba a nan, Mama. Na sha wuya kafin in saba. Ba na son in sake."

 Nadine tana da ikon ta ce dole, Wendell ma daga baya ya ce da ta ce dole. Ta ce mini ta duba fuskar yarinyar ta ga ba za ta iya sake ɗaukarta kamar kaya ta ajiye a wani wuri ba.

Sai ga Josie. Ta zo ta tsaya a gaban yayarta, ta kama haɓarta ta juyo da fuskarta kamar yadda ake yi musu a aji, ta ce da baki, a hankali, kalma bayan kalma, "Talia, zo mu tafi gida."

Talia ba ta taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka ba. Ta saki tukunyar ta rungume ta da hannuwa duk ƙasa, ta yi kuka sosai, irin wanda Opal ta ce ba ta yi ba tun da aka kawo ta. Ina kallo daga barandata, duk muka ɗauka shi ke nan, za ta bi su. Amma da yamma ta raka su har mota, ta ɗaura wa Josie bel, ta rufe ƙofar daga waje.

A Bellport ta gama sakandare. Takan je Marlow lokacin hutu ta yi mako ɗaya ko biyu, ta kwana a gadon da aka saya mata, ita da uwarta suna hira, har da dariya. Josie yanzu surutunta har ya yi yawa, tana aji ɗaya da masu ji, ta ce lauya za ta zama. Bara da Opal ta rasu Talia ce ta tsaya a kan komai na jana'izar, ita ta zaɓi waƙoƙin coci, ita ta karɓi masu gaisuwa a bakin ƙofa. Nadine tana daga ciki tana yanka kek tana miƙa wa mutane. Na shiga in taya ta, na ce mata ta yi sa'ar 'ya'ya. Ta ce haka ne, ta miƙo mini wuƙar, ta ce in ci gaba da yankawa bari ta ɗan fita ta sha iska.